Zinaren Rafin Kurciya da Rawani Ɗaya

Ku gyara zama, ga shari'ar da ta hana Maigari Barau sakat.

Wani kamfanin haƙar ma'adinai ya zo Rafin Kurciya da takarda, wai akwai zinare a ƙarƙashin garin, kowa ya tashi kafin damina, har maƙabarta. Barau ya yi roƙo har muryarsa ta dushe. Sai 'ya'yan ƙanwarsa uku suka ce a ba su lokaci.

Tanimu, mai haƙar zinare, ya yi wata biyu yana shiga tsofaffin ramukan da kowa ke tsoro, yana ɓantaro duwatsu, yana rubuta inda ya samo kowanne. Wani ramin ya rufta masa, har yau ɗingishi yake.

Lantana, wadda ta karanta ilimin duwatsu a jami'a, ta auna duwatsun da Tanimu ya kawo, ta zuba bayanan a kwamfuta. Ta sa na'urar ta kwaikwayi yadda ruwan zafi ya riƙa bin tsagogin dutse tun zamanin da babu mutane, ɗauke da narkakken zinare, yana ajiye shi inda ya huce. Sau goma sha ɗaya tana gwadawa, jan layin da ke nuna inda zinaren yake yana tsayawa a ƙarƙashin masallaci, daidai inda kamfani ya ce.

Jatau, mai haƙar rijiya, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya leƙa kwamfutar ya ce, "Yaya, tsagar nan taki a juye take. Rijiya arba'in na haƙa a garin nan, gabas dutsen yake kwanciya." Ta gyara. Layin ya bar gari, ya nufi wani tsauni da ko akuya ba ta hawa. Kamfani ya huda can, ya sami zinare, ya janye takardarsa.

Dattawa suka ce a naɗa ɗaya daga cikin su ukun Garkuwan gari. Tun daga ranar Barau bai ƙara cin tuwo da zafinsa ba. Tanimu ya zo ya ɗage wando: "Kawu, dubi ƙafata." Lantana ta ce ba don kwamfutarta ba, duwatsun nan tarin tsakuwa ne. Jatau ya ce, "Kwamfutar da ta so a rushe masallaci?"

Barau ya dafe kai. "Haba! Wallahi kamfanin ma bai gajiyar da ni haka ba!"

Rawanin yana nan a rataye a zaurensa, har ya fara ƙura. To, ku da kuke zaune, kan wa za ku naɗa shi?