'Yan Aike Biyu a Ƙofar Rumbu

Malama Keziya, nas ɗin garinmu, ita ta fara faɗa mini wannan misali, ranar da ta auna ɗana Ishaku ta ce ciwon sukari ya kama shi. Raina bai huce ba har yau, don haka ku saurara.

Akwai wani mutum mai babban rumbu a jikin ɗakinsa. Ya sa mai tsaro, ya ce kada ya motsa sai da saƙo. 'Yan aikensa biyu ne, kuma ba sa shiga ciki. A ƙofa suke faɗa wa mai tsaro, shi kuma ya ɗaga murya ga ma'aikatan ciki. Ɗaya yakan zo duk sa'ad da aka ajiye wa maigida akushi, ya ce, "A tara." Ɗayan kuwa sai an fita noma ko cikin maigida ya zama wayam, ya ce, "A sussuka." Sai a kwance dammuna, hatsi ya fita. Amma muddin na farkon yana tsaye, ba a sauraron na biyu.

To, mutumin nan ya daina zuwa gona. Ya zauna a inuwa, akushi na bin akushi, har bangon rumbu ya tsage. Matarsa ta rufe mai tsaro da faɗa. Ya ce ba laifinsa ba ne, rabonsa da jin "A sussuka" tun bara.

Ta juyo kan mijin tana huci. "Ashe kai ne kake aiko mai cewa a tara da bakinka! In rumbun nan ya faɗi, a kanka zai faɗi."

Ya yi dariya, ya ce a ƙaro miya. Kafin kaka, bangon ya rufta masa.

Ma'anar wannan misali ita ce: rumbu shi ne kitsen jikinmu, haka na dabba ma. 'Yan aike su ne abin da likitoci ke kira homon, a jini suke tafiya. Mai cewa a tara shi ne insulin, ci ne ke kiransa. Mai cewa a sussuka, aiki da yunwa ke kiransa, kitse ya narke ya zama ƙarfi. Ubangiji ya ba mu ajiya domin ranar bukata. Ku kuwa kun bar ɗan aike ɗaya yana ta ihu, kuna cewa jiki ya ci amanarku. Jiki bai yi komai ba, saƙonku yake bi.

Washegarin ranar da aka auna shi, na ɗauke gwangwanin sukari daga teburin Ishaku, na ajiye fartanyar babansa a wurin. Ya ce, "Mama, shayin fa?"

Na ce, "Sha shi haka, ɗana. Na binne babanka, ba zan binne ka ba. Tashi."