Kurege da Akun Marigayi Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama, kuma kada wanda ya fara washe baki tun yanzu, don da rasuwa ta soma.

Wani falke ne, Jatau Mai-goro. Ya yi kudu ya yi arewa, bai tara komai ba sai gida ɗaya, rumbun gyaɗa ɗaya, da wani aku da ya sayo a bakin teku, irin na ƙetaren ruwa: ƙato, ja da shuɗi, wutsiya doguwa, baki kamar lauje. Shekara goma sha tara akun nan yana cikin keji a zauren Jatau, har ya ɗauke muryarsa kaf. Sallamarsa, tarinsa, yadda yake kiran matarsa, "Tabawa, a kawo ruwa," duk aku ya iya.

Sai Allah ya yi wa Jatau rasuwa. Tabawa ta shiga takaba, ta zauna cikin gida, ba ta leƙa zaure. Zaure kuwa ya cika da masu ta'aziyya. Kun san halin mutane. An yi addu'a an shafa, sai kowa ya matsa jikin keji ya zura yatsa: "Aku, yi mana muryar marigayi." Wannan ya zura, wancan ya zura, wani har da tsinke. Daga ranar aku bai ƙara magana ba, sai cizo. Ya ciji ladan, ya ciji wanzami, ya ciji mai unguwa kansa har farce ya fita.

Mai unguwa ya aika cikin gida. Ya ce, "A gaya wa Tabawa, saura kwana bakwai ta fita takaba. Ranar zan dawo. In tsuntsun nan bai bar cizo ba, wuƙa."

Tabawa ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Abin da ya rage mata na mijinta a duniya muryar nan ce, ita ma tana cikin maƙogwaron da za a yanka.

Ashe Kurege yana gindin rumbu yana ji. Shekara da shekaru yana zagayen rumbun nan, Jatau yana korarsa da jifa. Sai ya karkaɗe jiki, ya sa fuskar tausayi, ya tsaya bakin ƙofar ɗaki.

Ya ce, "Salamu alaikum, Inna. Ya haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya."

Ya ce, "Inna, share hawayenki. Horon tsuntsu gadon gidanmu ne. Kakana ya hori shaho har ya koma renon 'yan tsaki."

Ta ce, "Me za ka nema, ɗan nan?"

Ya ce, "Ni? Ko ƙwaya. Sai dai magani da gyaɗa ake haɗa shi. Mudu guda kullum, mai ɓawo. A ajiye a zaure, a ja ƙofa, kada kowa ya leƙo."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ce to.

Rana ta fari maƙwabciya ta ajiye mudu ta ja ƙofa. Ga gyaɗa mudu guda a gaban Kurege, amma sai idonsa ya faɗa kan wani guntun ayaba a cikin keji. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya zura hannu ya fizgo, ya juya zai gudu, aku ya cafke wutsiya. Da ƙyar ya ƙwace, ya bar gashi a bakin aku.

Sai ya koma can lungu, ya ba keji baya, ya ja mudu. Ya ɗauki gyaɗa ya ɓare. Ƙwas!

Sai ya ji tari a bayansa. Sai murya ta ce, a hankali, "Ɗaya nawa, ɗaya naka."

Muryar Jatau ce, ba ragi ba ƙari.

Abin da Kurege bai sani ba, al'adar marigayi ce. Kullum bayan la'asar yakan zauna kusa da keji, ya ɓare gyaɗa, ƙwaya biyu su fito, ya ce, "Ɗaya nawa, ɗaya naka," ya ci ɗaya, ya miƙa ɗaya a tafin hannu. Bai taɓa zura wa aku yatsa ba.

Aku ne, ko mai gyaɗar ne ya dawo? Wa zai tsaya bincike? Kurege ya jefa ƙwaya ɗaya ta bayansa, bai waiwaya ba. Ya sake ɓarewa. Ƙwas! "Ɗaya nawa, ɗaya naka." Ya sake jefawa. Haka har mudu ya ƙare, rabi nasa, rabi na aku, yana ci yana ƙwalla.

Rana ta biyu hannunsa ya gaji da jifa, ya matso. Ƙwas! "Ɗaya nawa, ɗaya naka." Rana ta uku ya ƙara matsowa. Rana ta biyar yana jikin keji, ya kau da kai don tsoro, ya miƙa ƙwaya a tafin hannu. Aku ya sauko, ya ɗauka a hankali, ko ƙwarzane babu.

Da Kurege ya ga ba a cije shi ba, sai bakinsa ya buɗe. Ya miƙe ƙafa, ya shafa ciki, ya ce, "Kai, tsohuwar nan akwai gyaɗa, babu wayo. Wane magani? Cikina ne maganin." Ya faɗa ranar, ya maimaita washegari. Aku ya karkata kai yana saurare.

Rana ta bakwai Tabawa ta fita takaba. Mai unguwa ya zo da yatsa a naɗe, mahauci na biye da shi. Zaure ya cika. Kurege ya tsaya gaban keji yana hura hanci.

Sai aku ya buɗe baki, da muryar Kurege sak: "Kai, tsohuwar nan akwai gyaɗa, babu wayo. Cikina ne maganin."

Mahauci ya dubi aku, ya dubi Kurege, ya gyara riƙon wuƙa. Mai unguwa ya ce, "A rufe ƙofa."

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, kun ba ni bebe, ga shi yana magana. Kalma mai ɗaci na sa masa don bakinsa ya buɗe."

Mai unguwa ya ce, "To zura masa yatsa mu gani."

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yatsa ne ya kawo mu nan. Kana cikin makoki wani ya zura maka yatsa a fuska, me za ka yi masa? Tsuntsun nan shekara goma sha tara suna tare da marigayi. Duk kun zo ta'aziyya. Wa ya ce masa ya haƙuri?"

Ku ji fa, maƙaryaci ya faɗi gaskiya, don kawai ya ceci wuyansa. Ladan ya sunkuyar da kai.

Kurege ya ce, "Inna, zo ki zauna nan. Kada ki zuba masa ido. Ɓare gyaɗa guda."

Tabawa ta zauna kan buzun mijinta. Ta ɗauki gyaɗa ta ɓare. Ƙwas!

Tari ya zo. "Ɗaya nawa, ɗaya naka."

Ta miƙa tafin hannu. Aku ya sauko, ya ɗauki ƙwayar a hankali, ya tsaya yana dubanta da ido ɗaya. Can sai ya ce, "Tabawa, a kawo ruwa."

Ta ce, "To, Maigida." Har ta dafa ƙasa za ta tashi, sannan ta tuna. Ta koma ta zauna, ta rufe fuska da mayafi. Mahauci ya mai da wuƙarsa kube, bai jira an ce masa ba.

Kafin mutane su gama share ido, Kurege ya cika kumatu da gyaɗa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Amma bai tsira duka ba. Har yau in ya ɓare gyaɗa a gona sai ya miƙe tsaye kan ƙafa biyu, ya duba nan, ya duba can, yana jiran tari.

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Kurege ba da na yi ƙarya. Abin lura dai shi ne, in za ka saci gyaɗar mamaci, nemi ɓararriya.