Sarki Mantau da Tsohuwar Rema a Dutsen Gajimare

An ce a wani zamani, tun dabbobi ba su gaji da yi wa ɗan Adam magana ba, an yi wani sarki ana ce da shi Mantau, a garin Kwarin Ɗinya. Ƙasarsa a shimfiɗe take kamar faifai. Abu mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne matakalar benensa, ita ma sai fadawa na biye suna cewa, "Hattara, zaki, sannu da ƙoƙari."

Wata rana wani falke ya zo gaisuwa fada. Cikin hira ya ba da labarin Dutsen Gajimare, can gabas mai nisa, wanda in mutum ya kai ƙololuwarsa sai ya ga hadari a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya ƙara da cewa, "Amma fa ba aikin mutanen kwari ba ne." Wannan 'yar magana ta tsaya wa Sarki a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Nan take ya rantse a gaban jama'a, sai ya kafa tutarsa a kan dutsen nan kafin damina ta faɗi.

Aka fita da lema da kakaki da manyan tukwane, kai ka ce biki za a. A gindin dutse dawaki suka ƙi gaba, aka bar su. Da aka soma hawa, mai kakaki ne ya fara zubewa, don ya tarar numfashin da zai yi busa da shi, shi ne wanda zai yi tafiya da shi. Iska ta fizge lema ta wurga a kwazazzabo. Masu cewa "ko wuta ka shiga muna bayanka" suka riƙa tuna uzuri: wannan matarsa na kan gwiwa, wancan ya bar akuya a ɗaure ba ruwa. Aka yi ta hawa kwana da kwanaki, har itatuwa suka ƙare, ciyawa ta gajarce, sanyi ya fara cizo. Ya rage daga Sarki sai 'yan dako biyu, sai amininsa Arzika, wanda tare suka yi wasan ƙasa.

Arzika ya daɗe kansa na sara, abinci ba ya zama a cikinsa, amma ya yi shiru don kada ya karya wa Sarki gwiwa. Ran nan da hantsi ya zauna a gindin wani falalen dutse ya kasa tashi. Leɓunansa sun yi baƙi, yana tari, ƙirjinsa na ƙara kamar tukunya a kan wuta. Ƙololuwa kuwa ga ta can, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Sarki ya dube shi, ya dubi ƙololuwa, ya ce wa 'yan dako, "Ku lulluɓe shi da bargo, ku ajiye masa ruwa. Kai ɗauki tuta, kai ɗauki guzuri. Mu je mu kafa, mu dawo mu ɗauke shi kafin la'asar."

Sai suka ji dariya daga saman falalen. Suka ɗaga kai, suka ga wata tsohuwar rema, irin 'yar dabbar nan mai zama a kogon dutse, ta baje tana shan hantsi.

Sarki ya ce, "Ke, wa kike wa dariya? Kin san gaban wanda kike?"

Rema ta ce, "Ranka ya daɗe, in dutse ya yarda. Na ga rawani, na ga alkyabba, na kuma ga mutum yana haki kamar karen da ya yi asarar zomo. Ban san wanne daga ciki zan gaisar ba. Kafin la'asar, ka ce? A kan wannan falalen na taɓa jin wannan magana daga bakin Nomau ɗan kokawa."

Sarki ya ce, "Wane ne kuma Nomau?" Ya tambaya ne ba don son labari ba, sai don yana neman dalilin zama wanda ba gajiya ba.

Rema ta ce, "Zauna ka ji. Ai na ga kana nema."

Ta gyara kwanciya, ta ce:

An yi wani ɗan kokawa a ƙasar kwari irin taku, sunansa Nomau. Bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Da ya rasa abokin karawa a cikin mutane, sai ya ce saura dutse. Ya taho da makaɗinsa, wani siririn mutum mai suna Kyauta, wanda tun Nomau na kokawar yara shi ke yi masa kiɗa. Nufinsa in ya kai sama Kyauta ya buga masa take, duniya ta ji.

Nomau bai san tafiyar sannu ba. Inda ake kwana a huta, shi sai ya wuce. Inda ake taka ɗaya a numfasa, shi sai ya yi tsalle yana kirari. Kyauta na biye da ganga a rataye, yana tuntuɓe. Haka suka iso ruga ta ƙarshe, wadda ba sauran mahaluƙi a samanta. Wata tsohuwa mai suna Inna Dije ta ba su nono. Ta dubi idon Kyauta, ta saurari numfashinsa, ta ce wa Nomau, "Ɗan nan, abokinka dutse ya kama shi. Ciwon nan ba shi da saiwa ba shi da ganye, maganinsa gangara. Ku sauka ku huta, in jiki ya saba ku dawo. Sannu ba ta hana zuwa."

Nomau ya ce, "Inna, sai dai a daɗe ba a je ba. Ni da na kā da maza, tudu ne zai mai da ni baya?"

Inna Dije ta ce, "Maza suna gajiya, shi ya sa ka kā da su. Wannan da ka zo wa, tun da aka ajiye shi bai taɓa haki ba. Kai da zakaran juji ba ku da maraba."

Nomau ya ce, "Me zakaran juji ya yi?"

Ta ajiye ludayi, ta ce:

Wani zakara ne yake cara a kan juji, unguwa duk tana ji. Wata rana ya ce wa kaji, "Juji ma ke nan, ina ga dutse? In na yi cara a can, har sarakuna sai sun tashi." Kaji suka ce masa, "Ka taɓa hawan abin da ya wuce danga?" Ya ce, "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." Ya kama hanya. Ya yi ta hawa, ƙayoyi suka fige masa jela, sanyi ya sa tukkunsa ya langaɓe, amma ya kai. Ya hau kan dutse mafi tsini, ya buɗa fukafukai, ya miƙe wuya, ya wage baki. Abin da ya fito bai wuce kukan ɗan tsako ba. Ya sake, ko wannan bai samu ba. Ya waiga ya ga wa ya ji. Ba kowa a wurin sai shaho, yana zaune yana kallonsa. Shaho ya ce, "Malam zakara, matso kusa ka sake, ban ji sosai ba." Da yake ya sha wuya, kuma ga mai sauraro guda ya samu, sai ya matsa.

A can unguwa kuwa gari ya waye kamar kullum, wani ɗan zakara ya haye jujin.

Inna Dije ta ce, "Ka ji, ɗan nan. A can sama mai sauraro ɗaya ne, kuma ba tafi ya zo yi ba."

Rema ta ce, to, ranka ya daɗe, ka san mai ƙarfi kunnensa a damtse yake. Nomau ya yi dariya, ya ce tatsuniyar tsofaffi ce. Kyauta ya ce, "Maigida, ko mu ɗan kwana biyu a nan?" Nomau ya ce, "Au, kai ma ka zama kaza?" Kunya ta sa Kyauta ya saɓi ganga ya bi shi.

A nan inda abokinka yake zaune, a nan Kyauta ya zube. Nomau ya cire rigarsa ya rufa masa, ya ce, "Jira ni, kafin la'asar na dawo." Ina kwance a nan ina kallo.

Ƙololuwar da kake gani kamar a tafin hannu, ƙarya take yi. In ka kai wancan tsinin sai ka ga wani a bayansa, ka kai shi ka ga wani. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Nomau dai ya kai, ba zan rage masa ba, da rarrafe ya kai. Ya miƙe zai yi kirari, gajimare ya rufe shi ruf, ko tafin hannunsa ba ya gani. Hadarin da aka ce zai gani a ƙarƙashin ƙafa, a cikin hancinsa ya same shi. Ya ɓata hanya, bai dawo nan ba sai washegari rana ta take. Ya tarar da Kyauta a zaune, rungume da ganga, ya sandare.

Ya koma garinsu shi kaɗai. Ya tsaya a bakin kasuwa ya ce, "Na hau Dutsen Gajimare!" Mutane suka ce, "Ina Kyauta?" Ya ce, "Na ce muku na kai har ƙololuwa!" Uwar Kyauta ta ratso taro ta ce, "Mun ji. Ina Kyauta?" Ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani a sama, da ma bai ga komai ba. Daga ranar ba makaɗin da ya ƙara yarda ya buga masa. In ya shiga fili sai a yi tsit, ya kā da mutum a cikin shiru, ya fita a cikin shiru. Har sunansa ya ɓace. Masu fataucin gishiri da ke bi ta gindin dutsen nan sun ce ya tsufa yana sayar da itace, in za a aika wurinsa sai a ce, "Je ka wurin Ina-Kyauta ka sayo itacen girkin dare."

Rema ta yi hamma, ta ce, "Shi ke nan labarin wanda ya kā da dutse. Shi ko aƙalla ƙato ne. Kai kuwa da na ga tun daga can ƙasa ana tura ka ta baya kamar jakin da ya ga gada, ban san ranar da za ka dawo ba."

'Yan dako suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na motsi. Fuskar Sarki ta murtuke. Ya ce, "Ke dabba, na rantse a gaban jama'ata. In na koma ba tuta a sama, me za a ce? Falken nan zai bi kasuwa-kasuwa yana dariya."

Rema ta ce, "Zai yi, har da riƙe ciki. Mata za su sa ka a waƙar daka. Ka cancanta kuwa, don baki shi ke yanka wuya, kuma ba wanda ya aike ka. Amma dariya ba ta wuce damina guda, wani wawan zai fito a koma kansa. Tambayar da aka yi wa Nomau kuwa ba ta tsufa. Ka zaɓa. Ni ba abin da ya dame ni, in kun bar shi a nan ungulaye ne za su gode."

Arzika ya buɗe ido da ƙyar, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tafi. Kada ka ji kunya saboda ni. Zan jira."

Rema ta ce, "Haka wancan ma ya ce."

Sarki ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ƙololuwa. Sannan ya dubi Arzika, ya ga kumfa a gefen bakinsa, ya ga yadda yake ƙoƙarin murmushi don ya sauƙaƙa masa tafiya. Abin ya soke shi fiye da duk baƙar maganar rema.

Ya ce wa mai tuta, "Cire ƙyallen nan daga sanda." Aka cire. Ya tuɓe alkyabbarsa, aka ɗaura ta a jikin sandar tuta da sandar ɗayan ɗan dakon, aka yi makara irin ta ɗaukar majinyaci. Suka kwantar da Arzika a ciki. Sarki ya kama gaba da hannunsa.

Ya juyo ya ce wa rema, "Bakinki ba daɗi, amma ban sami ƙarya a cikinsa ba. Na ji, na kuma ɗauka. Girman kai ya kawo ni nan, ba zan bari ya ci mutum ba."

Rema ta ce, "To, sauka a hankali. Kada ka ce za ka nuna mini gudu." Ta shige kogonta.

Suka yi ta gangara, suna karɓa-karɓa. Sarki ya faɗi ya fi a ƙirga, gwiwoyinsa suka ƙuje, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Sai da suka kai inda itatuwa suka fara, iska ta yi kauri, sannan ƙarar ƙirjin Arzika ta lafa. Ya nemi ruwa, ya sha, ruwan ya zauna a cikinsa. Ya dubi sama, ya dubi Sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun kai?"

Sarki ya ce, "Ba mu kai ba."

Arzika ya ce, "To, me za mu ce a gari?"

Sarki ya ce, "Za mu ce dutse ya kā da mu, kaye mai kyau. Kai za ka faɗa musu, da bakinka."