Sallamar Tungan Tunau

Tun zamanin da babban kogi ne hanyar fatake, an yi wani mafarauci cikin masunta mai suna Tunau. Dorina yake farauta da zago, mashin nan mai igiya. Tsofaffi sun ce yakan nutse har a tuƙa tuwo a kwashe bai ɗago ba, kuma da launin ruwa yake gane inda yashi ya kwanta. Kirarinsa shi ne: Tunau na Arzika, kada mai ƙafa biyu, kogi ba ya ɓoye maka cikinsa.

Arzikan nan wansa ne, shi ne sarkin jirgi, kwale-kwale fiye da ɗari a hannunsa, suna gangarawa da kanwa su hauro da goro. Ana nan sai wani kamfanin Turawa ya zo ya ce cinikin kogi nasa ne shi kaɗai. Sau uku Arzika yana tare musu hanya. Da kamfani ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya kai kuka wurin sarkin ƙasarsu, wai 'yan fashi sun hana shi sakat. Ka ji fa, mutane a kogin kakanninsu. Aka aiko wa kamfanin da jirgin yaƙi mai hayaƙi da igwa biyu, don a ƙone garin Arzika.

To, amma igwa ba ta san hanya ba. Turawan jirgin suka iske Tunau a bakin gaɓa, tafintansu ya ce masa, "Malam, kai aka ce ka san ruwa. Za ka kai mu?"

Tunau ya san in ya ƙi, za su sami wani wanda zai kai su har ƙofar gida. Sai ya ce, "Zan kai ku."

Masunta suka hango shi tsaye a goshin jirgi, labari ya riga jirgin isa gari. Arzika ya tara jama'a, ya sa gatari ya fasa kwale-kwalen ƙanensa, aka yi rantsuwa: ba mai yi wa Tunau sallama, ba mai amsa tasa, ba mai sauraronsa har abada.

Lokacin kaka ne, ruwa ya fara ja. A wani wuri kogi ya rabu biyu, tsibiri a tsakiya. Turawa suka jefa igiyarsu mai darma, suka ga bakin hannun dama da zurfi. Tunau ya san zurfin nan yaudara ce, don a shekarar yashi ya toshe gaba. Ya nuna dama. Jirgi ya shiga da ƙarfinsa ya kafe, kafin kwana uku yana tsaye a kan busasshen yashi kamar akuya a turke. Wata bakwai ya yi a nan. Kafin ruwa ya dawo, Arzika ya kwashe mutanensa zuwa saman duwatsu, inda jirgin hayaƙi ba ya hawa. Turawa kuwa suka yi wa Tunau dukan kawo wuƙa, suka yar da shi a tsibirin.

Da ya warke ya sassaƙa jirgi ya tafi wurin danginsa. Ya yi sallama, suka juya masa baya. Ya ce, "Yaya, ka ji ni kalma ɗaya." Arzika ya toshe kunnuwansa ya ce wa na kusa da shi, "Allah ne ya kafe jirgin nan, ba wani ba."

Sau uku yana zuwa, sannan ya haƙura. Ya koma tsibirin ya kafa bukka. Jirage suna wucewa kullum, ya san muryar kowa, ba mai ɗaga masa hannu. Wallahi kaɗaici ya ci Tunau. An ce wani tsohon toron dorina da garke ya kora yakan kwanta kusa da bukkarsa, shi yake yi wa hira. Tun daga nan bai sake ɗaukar zago ba. Haka ya shekara ashirin da biyu.

Wata rana tafintan nan, ya tsufa yana fataucin goro, ya sauka kasuwar Arzika. Cikin hira ya ce, "Ai ni na fassara. Baturen ya so bin hagu, mutuminku ya dage sai dama. Da aka ɗaure shi ana duka, tambaya ɗaya ya yi mini, wai igwa tana kaiwa gari daga nan?"

Arzika ya sa aka tuƙa shi zuwa tsibirin. Ya tsaya a gaɓa ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Sai wani Bafulatani mai kiwo ya fito ya nuna masa tulin duwatsu da zago kafe a kai, ya ce da rani suka binne mai bukkar.

Arzika bai koma gida ba, a nan ya ƙare kwanansa, jama'a suka biyo shi wurin ya zama gari. Shi ne Tungan Tunau. Har yau duk matuƙin da ya zo daidai kabarin yakan ɗaga filafili ya yi sallama da ƙarfi, ya ɗan dakata, sannan ya wuce ba wanda ya amsa.