Dage Ci-Gamsheƙa da Bika Mai Sunaye Uku

An yi wani daji mai tafki guda ɗaya tak, wanda duk dabbobi ke sha a cikinsa idan rani ya yi. A dajin akwai Dage, wani ɗan naman daji mai kaifin haƙora, gajere ne marar yawan magana, amma bai san tsoro ba. Akwai kuma Bika, wani ƙaton biri mai son a yabe shi. Sai Shamuwa, tsohuwa mai yawon duniya, wadda ba ta rasa labari.

Wata shekara wata ƙatuwar Gamsheƙa ta tare a bakin tafkin. Duk wanda ya sunkuya zai sha, sai ta feshe masa ido da dafi. Kwana huɗu dabbobi suna fama da ƙishirwa, har barewa biyu suka makance.

A rana ta biyar Dage ya tashi, bai yi sallama da kowa ba, ya nufi tafki. Tun hantsi suke artabu har rana ta take tsaka. Sau biyu Gamsheƙa tana saransa, yana faɗuwa yana tashi. A ƙarshe ya cafki wuyanta, bai saki ba sai da ta daina motsi. Ya jawo gawarta gaban jama'a, ido a kumbure, ya ce, "Ku je ku sha ruwa."

Da aka sha aka ƙoshi, sai aka taru a gindin tsamiya ana shawarar yadda za a saka masa.

Shamuwa ta ce, "Ku saurara, 'ya'yana. A yawona na ji labarin sarakunan Rum na zamanin da. Idan sarki ya ci wata al'umma da yaƙi, sai a ɗauki sunanta a liƙa a bayan nasa, duk wanda ya kira shi ya tuna da nasarar. Mu ma mu yi wa Dage haka."

Nan take daji ya ɗauka: "Dage Ci-Gamsheƙa! Dage Ci-Gamsheƙa!"

Dage ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Gwaggo." Ya koma raminsa ya yi jinyar idonsa.

Bika kuwa abin ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Wannan ɗan guntun ne za a yi wa kirari ina zaune? Ai ko hannuna ɗaya ya fi shi nauyi!"

Washegari ya tsinci tsohuwar fatar damisa a cikin ƙaya, ya yafa a kafaɗa, ya ce daga yau sunansa Bika Ci-Damisa. Bayan kwana biyu ya kori wata ungulu daga kan reshe, ya ƙara Ci-Mikiya. Da ya je wani kogi mai nisa ya hango Kada yana shan hantsi, sai ya jefe shi da ɗan dutse daga kan bishiya, ya dawo yana cewa Ci-Kada.

Shamuwa ta ce, "Kai Bika, wa ya ga yaƙin nan naka?"

"Ke tsohuwa, ina ruwanki? Sai an gayyace ki za a yi yaƙi?"

"Ba a gayyace ni na Dage ba, amma na ga gawa."

"To ni maƙiyana gudu suke yi, ba sa tsayawa a kashe su!"

Ya kafa doka, duk wanda zai gaishe shi sai ya jero sunayen uku, in ya manta ɗaya ya sha mari.

Ana nan sai kogi ya ƙafe, Kada ya rarrafo ya shige tafki. Dabbobi suka ruga wurin Bika.

"Ranka ya daɗe, Ci-Damisa, Ci-Mikiya, Ci-Kada, wanda ka taɓa ci ne ya dawo. Taso ka ƙara masa!"

Bika ya fara neman hanyar zillewa. Ya ce kansa na ciwo. Suka ce ai ganinsa kawai ya isa. Suka sa shi a gaba suna masa kirari har bakin tafki, ba halin komawa.

Ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Kai Kada, ka san ko ni wane ne?"

Kada ya ce, "Na sani. Mai jifa daga sama." Kafin Bika ya juya, ya cafke masa wutsiya ya fara jansa cikin ruwa.

"Wayyo! Yaya Dage! Ƙarya nake yi, ban ci kowa ba!"

Kowa ya watse, ban da Dage. Ya yi tsalle ya dire a kan Kada, ya kafa masa haƙora a hanci, inda fatarsa ke da taushi. Kada ya yi ƙara ya buɗe baki, Bika ya faɗo a taɓo da rabin wutsiya. Kafin la'asar Kada ya fice daga tafkin, ya bi busasshen kogi ya tafi.

Dabbobi suka dawo suna ihu, "Ci-Gamsheƙa, Ci-Kada!"

Dage ya ɗaga hannu ya ce, "A'a. Cizo ɗaya na yi masa, kuma da ƙafarsa ya tafi. Ban ci shi ba. In na karɓi sunan da ya fi aikina, wata rana za a kira ni in cika shi."

Sannan ya juya ya kama Bika, wanda ke kuka a cikin taɓo, ya ce, "Tashi, ɗan'uwa, mu je a ɗaure maka wutsiyar nan."

Darasin wannan labari shi ne, yara, suna mai daraja aiki ne ke haifar da shi, kuma jama'a ne ke raɗa shi. Wanda ya raɗa wa kansa sunan jarumi, ranar da aka kira jarumai zai ji kunya. Jarumin gaske kuwa ko yabo aka ba shi, iya nasa yake ɗauka.