Injiniyan da Bai Saurari Tela Ba

Akwai wani injiniya da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Ni-kaɗai. Gwani ne, amma duk wanda ya ba shi shawara sai ya gwale shi. A hankali kowa ya janye, har ta kai ko lokacin cin abinci shi kaɗai yake zama a gaban teburinsa, cikin wayoyi da warin dalma.

Wata 'yar na'ura yake ƙerawa wadda ake mannawa a fata, ta jiyo 'yar ƙaramar wutar lantarkin da tsoka ke fitarwa, ta motsa hannun roba. Aikin yana da wuya. In ya rage cin batir, ƙugin na'urar sai ya danne saƙon tsokar. In ya rage ƙugin, batir ya mutu kafin yamma. Shekara biyu yana fama kafin ya daidaita su.

Wanda ake gwajin a jikinsa wani dattijon tela ne da ya rasa hannun dama a hatsarin mota. Duk Talata yake zuwa. Sau uku yana ƙoƙarin faɗin abin da ya lura da shi a gida, injiniyan yana katse shi.

"Baba, kai dai miƙo hannu. Sauran aikina ne."

Ranar da aka nuna wa shugabannin kamfani, ɗakin taro ya cika, ga zafi. Telan ya ɗauki kofin ruwa, sai yatsun roban suka hau rawa, kofin ya faɗi ya fashe.

Aka ba injiniyan wata guda ya gyara ko a rufe aikin. Kwana shida yana aune-aune bai ga laifin komai ba, kuma babu wanda ya leƙo ya ce masa sannu.

Da Talata ta zagayo, sai ga telan, alhali ba a kira shi ba. Injiniyan ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da ƙyar ya tambaye shi abin da ya so faɗa masa tun tuni.

"Ɗana, ɗakinka akwai sanyi. Ni kuwa a waje nake rayuwa. Da na yi gumi mannin yake saki, yatsun su rikice."

Daga nan injiniyan ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar wata abokiyar aikinsa da ta ƙware a irin wannan manni, wadda ya taɓa yarfawa a gaban mutane. Ya ba ta haƙuri. Ta ce ashe ya san hanyar ofishinta, sannan ta jawo masa kujera.

Bayan mako uku, telan ya shigo jiƙe da gumi, ya tsaya a gabansu ya ɓalle maɓallin rigarsa da hannun roban, ya sake maƙala shi da kansa.

Darasi: Komai iliminka, wanda ke ɗauke da kaya ya fi ka sanin inda ke masa nauyi. Saurari mutane tun kafin ka buƙace su. Ka tura wa wani, wataƙila ya amfana.