Ranar da Magajiya Ta Buga Gangar Yaƙi

A zamanin da, tun kakannin kakanninmu ba su fitar da haƙori ba, an yi wata daula da ƙasashe uku suka haɗu suka kafa: mutanen tudu, mutanen daji, da mutanen bakin kogi. Ranar da suka haɗu ɗin sun yi rantsuwa a gindin wata tsamiya cewa yaƙi da tsaron iyaka da manyan hanyoyi na Sarki ne, amma noma da kasuwa kowace ƙasa ta yi nata yadda ta saba. In gardama ta tashi, alƙalin tsamiya ke rabawa, Sarki ma a gabansa zama yake yi.

Ana nan sai Sarki Jatau ya yi wani Waziri, Tankari, mai kaifin baki, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Shi ya zuga Sarki aka yi shela: duk ranar da ruwa ya sauka a birni, kowa a daular ya yi shuka, shugaban da ya ƙi, a tuɓe shi.

To, a bakin kogi in damina ta faɗi ambaliya ake yi, sai ruwa ya janye suke shuka. Bin shelar nan, yunwa ce. Shugabarsu, Magajiya Hakama, ta ƙi. Ba ta tsaya nan ba, ta sa aka buga gangar yaƙi, sannan ta tafi fada da ƙafarta.

Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, albishir na kawo. Na yanke shawarar mu kai wa maƙwabtanmu na gabas hari. Gobe ka ɗaura ɗamara ka biyo bayana."

Sarki ya miƙe har rawaninsa ya karkace. "Ke! Wa ya ba ki yaƙi? Yaƙi nawa ne!"

"Haka ne, zaki. To kai wa ya ba ka shuka?"

Waziri ya yi tsalle ya ce, "Kun ji tsaurin ido! A kama ta!"

Magajiya ta ce, "Sannu manomi. A kama ni, amma a tsamiya za a tuɓe ni, ba a zauren nan ba."

Dole aka ɗunguma tsamiya. Alƙali Makau, tsoho tukuf, ya saurari kowa, ya ce, "Magajiya, kin taɓa abin da ba naki ba."

Ta ce, "Allah gafarta malam, ganga kawai na buga, ko sanda ba wanda ya ɗauka. Shi kuwa shelarsa tana nan da ranta."

Alƙali ya dubi Sarki. "Ita ta mayar da naka. Saura kai."

Sarki Jatau ya fashe da dariya, ya janye shela a gaban jama'a. Magajiya ta ce roƙo ɗaya gare ta: tunda Waziri ya san noma haka, a ba ta aronsa ranar da ruwa ya sauka.

Aka ba ta. Ruwa na sauka aka miƙa masa iri, aka nuna masa gona, ya shiga da babbar rigarsa ruwa har ƙugu yana watsawa, Magajiya na bakin gaɓa tana cewa, "Ƙara ta can, Waziri, ka bar giɓi!"

Waccan shekara mutanen kogi sun shuka a lokacinsu, rumbuna suka cika. Gonar Waziri ko tsiro ɗaya ba ta yi ba, amma masunta sun ce ba su taɓa kama kifi mai ƙiba irin na wajen ba.